Araha Ba Ta Ado: Lissafin Tace Yuraniyom da Duwatsun Adar

Ƙasar Adar ba ta rasa dutse. Daga Karofane zuwa Buza, Kaita da Madawa, jar marmara ce a bisa tuddai, yumɓu a cikin kwaruruka, ga farar ƙasar da kamfanin siminti na Malbaza yake ci tun shekarun 1960, ga kuma dutsen fosfat na arewa da Tawa, wanda aka taɓa niƙawa ana sayar wa manoma a matsayin taki. Irin waɗannan ma'adinai ne masana a Amurka da Turai suka kusa shekara talatin suna gwadawa don kama yuraniyom ɗin da ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Nijar, inda aka haura shekara hamsin ana haƙar wannan ƙarfe, maganar tana da daɗin ji: ciwon yana Arlit, maganin yana jihar Tawa, kwalta guda ce ta haɗa su, ba sai an jira jirgin ruwa daga Kwatano ba.

Ilimin gaskiya ne, ba na jayayya da shi. Arahar ce nake shakka. Kuɗin dutsen shi ne mafi ƙanƙanta a takardar lissafin, kuma shi kaɗai aka fi karanta wa mutane. Karofane ba ta da mahaƙar yuraniyom, tsakaninta da Arlit ɗaruruwan kilomita ne. Amma Adarawa mutanen ci-rani ne, da yawansu sun sha ruwan Arlit da Akokan, kuma in har an tashi yin aikin, daga ƙasarsu za a ɗebi dutsen, daga baitulmalin da kowa ke zuba wa haraji za a ɗebi kuɗin. Ya kamata su ga lissafin tun daga sama har ƙasa.

Yadda dutse ke kama yuraniyom

Yuraniyom yana da hali biyu a cikin ƙasa. Inda iska ba ta kai ba, kwance yake cikin dutse, ba ya narkewa, kuma haka ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin Arlit. Da zarar an fasa dutsen, iska ta shiga, ruwa ya ratsa, sai ya rikiɗe ya zama mai narkewa, ya bi ruwan duk inda ya nufa. Dabarun tacewar duka ƙoƙari ne na tsayar da shi. Fosfat, wanda shi ne jigon ƙashin dabba da na mutum, yana haɗuwa da yuraniyom su zama wani sabon ma'adini mai wuyar narkewa. Tsatsar ƙarfe, irin wadda ta ba marmara jan launinta, tana riƙe shi a jikinta. Garin baƙin ƙarfe kuwa mayar da shi yake yi zuwa halinsa na farko. Ana iya haƙa dogon rami a gicciye a kan hanyar ruwan, a cika shi da ma'adinin, ruwa ya ratsa ya fita; wannan ita ce katangar tacewa. Ana iya narkar da sinadarin a ɗura shi ta rijiyoyi. Ana kuma iya jawo ruwan sama a bi da shi ta cikin tankuna.

A lura da abu guda tun yanzu. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke kashe yuraniyom. Kafin rabinsa ya ruɓe da kansa sai an yi shekara kusan miliyar huɗu da rabi. Wuri kawai ake sauya masa.

Abin da ke jibge a Arlit

Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ya riga ya fitar da kimanin tan 75,000 daga ramuka masu zurfin mita 250, ya kuma bar sharar niƙaƙƙen dutse kimanin tan miliyan 20 a kan hekta 120, 'yan kilomitoci kaɗan daga gidajen mutane. Mafi yawan tururin nukiliya da ke cikin dutsen asali yana nan cikin sharar, domin yuraniyom kaɗai aka cire, aka bar radiyom da 'yan'uwansa.

Ruwan da garin ke sha tsohon ruwa ne, wanda ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara ke da ciyawa, kuma damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Ƙungiyar Greenpeace, wadda ta je Arlit a watan Nuwamba 2009 tare da taimakon ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan, ta ce kamfanonin biyu sun ɗebi lita miliyar 270 cikin shekara arba'in, kuma huɗu daga cikin samfurori biyar na ruwan da ta auna sun zarce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wancan lokaci. Kamfanin Areva, mai gudanar da mahaƙun, wanda ya koma Orano a 2018, ya sha cewa yana auna ruwan a kai a kai kuma yana bin ƙa'ida. Akwai wata gaskiyar da ke ƙara rikita gardamar: shimfiɗar dutsen Tarat, wadda ake ɗibar ruwa daga cikinta, ita ce kuma ke ɗauke da yuraniyom ɗin da SOMAIR ke haƙa. Wani sashe na abin da ke cikin ruwan halitta ce, wani sashe aikin mutum ne. Mai shan ruwan dai bai damu da rabon ba, ƙodarsa ce ke karɓa.

Layi na farko: awo

Yuraniyom a cikin ruwa ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri idan ruwan ya ƙone. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 2011 ita ce mikrogiram 30 a lita, wato giram 30 kacal a cikin lita miliyan ɗaya. Kafin nan 15 ce, a 1998 kuwa 2 ce. Gano ɗan abu irin wannan yana son na'ura mai tsada, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da iskar gas ta musamman, da ma'aikacin da ya ƙware, da motar da za ta kai samfur ba tare da ya lalace ba. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Sai an auna kafin a sa matatar, a auna bayan an sa, a ci gaba da aunawa muddin ana shan ruwan, domin ranar da matata ta ƙoshi ba ta sanar da kowa. Ruwan zai ci gaba da fitowa garau.

Mutanen Tibiri ta Maraɗi sun san farashin rashin awo. Wata rijiya mai zurfi da aka haɗa da fanfunan garin a tsakiyar shekarun 1980 ta yi ta ba su ruwa mai sinadarin fulorai da ya ninka ƙa'ida sau da yawa, aka yi sama da shekara goma ana sha, har ƙasusuwan ɗaruruwan yara suka lanƙwashe, haƙoran wasu da yawa suka lalace. Awon fulorai bai kai na yuraniyom wuya ko tsada ba, amma duk da haka ya makara. Sannan akwai batun wanda ke riƙe da sakamakon. Lokacin da masanan ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa suka sauka Yamai a watan Disamba 2003, an riƙe na'urorinsu a filin jirgi, sai daga baya aka auna samfurorin a ɗakin bincikensu na Faransa. Jami'ar Abdu Mumuni tana da cibiyar binciken tururi, ƙasa kuma tana da hukumar sa ido. Kuɗin da zai sa su riƙa aunawa kowane wata, su manna sakamako inda talaka zai gani, shi ne layin farko, kuma ba a gama biyansa.

Layi na biyu: zurfi

Kusan duk wuraren da katangar tacewa ta yi suna, ruwan yana kusa da doron ƙasa ne, 'yan mitoci kaɗan, a cikin yashi da tsakuwa da motar haƙa ke iya tonewa. Ramin irin wannan ba kasafai yake wuce mita ashirin zuwa talatin ba. Ruwan Tarat yana wajen mita 150, a cikin dutse. Babu mai haƙa masa katanga. Abin da ya rage shi ne ɗura sinadari ta rijiyoyi masu yawa, ko jawo ruwan sama da injuna. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙauye a Adar ana neman kuɗin rijiya mai zurfi guda ɗaya ya san miliyoyin da ake ambata, ya kuma san shekarun da ake jira. A ninka wannan sau gommai, a ƙara gazuwal ko lantarkin kamfanin Sonichar dare da rana.

Layi na uku: ruwan gaske da dutsen gaske

A ɗakin bincike ana zuba garin dutse a kwalbar ruwa mai tsabta da aka sa wa yuraniyom, a girgiza, a auna, a samu kashi casa'in da wani abu cikin ɗari. Ruwan ƙasa ba haka yake ba. Idan yana ɗauke da kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa da farar ƙasa, musamman in ya haɗu da kalsiyam, sai ya lulluɓe yuraniyom ya hana shi maƙalewa a jikin ma'adinin. A wasu ƙasashe ma da ruwan kabonet ake narkar da yuraniyom daga cikin dutse da gangan. Ruwan ƙasashen fari kuwa sau da yawa irin wannan ne. Haka nan abin da ke tsiyayowa daga sharar masana'anta ba yuraniyom kaɗai ba ne. Akwai gishirin sulfet, da naitret, da wasu ƙarafa, da radiyom, kowanne da irin maganinsa. Naitret ma yana iya sake tayar da yuraniyom ɗin da aka riga aka kwantar.

Dutsen shi kansa yana zuwa da kayansa. Fosfat na ƙasa, a ko'ina cikin duniya, yakan ƙunshi ɗan yuraniyom na halitta, da kadmiyom, da fulorai. Kafin a sa na Tawa a gaban ruwan sha, dole a tantance abin da yake saki, ba abin da yake kamawa kaɗai ba. Sai tsinta, da wankewa, da niƙa zuwa girman da ruwa zai iya ratsawa, da dakon sama da kilomita 600 a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda duk direba ya san halin da take ciki.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa. Aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya farfaɗo da tuddai masu yawa, amma galibi mata ne suka yi dakon duwatsun, ana biyansu da abinci. Idan aka ce kayan gida yana da araha, sau da yawa ma'anar ita ce gumin mai tsintar sa ba shi da daraja a takarda. Sannan gonakin gero na Nijar yunwar fosfat suke yi, gwaje-gwajen cibiyar binciken noma ta INRAN da na cibiyar ICRISAT ta Sadore sun daɗe da nuna cewa dutsen Tawa yana ƙara amfanin gona. Duk tan ɗin da aka binne a arewa, gona ce aka hana.

Layi na huɗu: shekaru

Nan ne lissafin ya fi kumbura, kuma Amurka ta riga ta biya kuɗin koyo. A Fry Canyon ta jihar Yuta, a 1997, an jera ƙananan katangu uku gefe da gefe: ta gawayin ƙashi, ta tsatsar ƙarfe, da ta garin baƙin ƙarfe. Da farko duka sun kama yuraniyom. Ta baƙin ƙarfen ta ci gaba da cire fiye da kashi 99 cikin ɗari, sauran biyun kuwa ƙarfinsu ya ragu. Wato ma'adinan da suka fi kama da namu su ne suka fara gajiya. A Monticello, a jihar dai, an gina babbar katangar baƙin ƙarfe a 1999. Cikin 'yan shekaru farar ƙasar da ke cikin ruwan ta toshe ƙofofinta, ruwa ya taru a bayanta yana neman hanyar kewayewa, dole a 2005 aka ƙara da jawo shi sama ana tacewa a tanki.

Labarin Hanford, a bakin kogin Kolambiya, ya fi koyarwa. A shekarun 1990 an ƙiyasta cewa in aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar sama, ruwan zai wanke kansa cikin shekara uku zuwa goma. Shekarun suka wuce, yuraniyom na nan. A 2007 aka ɗura fosfat a cikin ruwan. Yawan yuraniyom ya faɗi, ba da jimawa ba ya dawo, domin ruwan yana gudu da sauri kuma hawa da saukar kogin na juya shi, sinadaran ba su gauraya yadda aka tsara ba. Aka sake dabara, aka ɗura a 2015, aka ƙara a 2018, duka a kan fili da bai fi hekta ɗaya da ɗan ɗori ba. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan bincike na gwamnati da kasafin da ake sabuntawa kowace shekara. Aikin tallafi a wajenmu yakan yi shekara uku ko biyar, a rufe ofis, a kwashe motoci. Ruwan kuwa bai san an rufe ofis ba.

Layi na biyar: abin da ya rage a rariya

Mai tankaɗe ta san in gari ya wuce, tsaki yana nan a rariya, kuma sai an san inda za a kai shi. Matatar da ta yi aiki da kyau ta tattara yuraniyom ɗin dubban litoci a cikin 'yan buhuna. Wa zai kwashe? A wace mota? Zuwa wane rami? Tambayar tana da nauyi a Arlit, inda CRIIRAD da Greenpeace suka tarar da gurɓatattun ƙarafan kamfani ana sayarwa a kasuwa, aka kuma samu dutsen shara a shimfiɗe a titin Akokan. Inda talauci bai bar komai ya zama juji ba, tsakuwar tsohuwar matata za ta iya ƙarewa a daɓen ɗaki. A Munana ta Gabon, inda aka haƙi yuraniyom daga 1961 zuwa 1999, sai da aka rushe gidajen da aka gina da irin wannan kaya. In kuma an bar ma'adinin a binne, to an ƙirƙiri wurin da za a yi gadinsa har jikoki, kada wani ya haƙa rijiya ko ya ɗebi ƙasar gini a kansa.

Layi na shida: mai biya

Orano ya sanar da cewa gyaran wurin COMINAK zai ci kimanin Yuro miliyan 150, sama da sefa miliyar 95, a cikin shekara goma, har da rufe tsaunin sharar da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu. In aka raba kuɗin a kan tan 75,000, ya kama Yuro 2 ga kowane kilo da aka fitar. A Jamus, kamfanin Wismut ya haƙi sama da tan 200,000 daga 1946 zuwa 1990. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta ware masa Mak miliyar 13 na gyara, fiye da Yuro miliyar 6, wato wajen Yuro 30 ga kilo, kuma har yau ana tace ruwan ramukan. Gaskiya ne can ana ruwan sama da yawa, wuraren suna da yawa, albashi yana da tsada. Duk da haka tazarar ninki goma sha biyar ta isa a yi tambaya.

A halin yanzu tambayar ta sauya gida. A watan Yuni 2024 gwamnati ta janye lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun Orano, a Disamba kamfanin ya ce SOMAIR ta fita daga ikonsa, a Yuni 2025 aka mayar da ita mallakar ƙasa, rikicin kuma ya tafi gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Sai dai wanda ya gaji gona ya gaji bashin da ke kanta.

Inda kuɗin zai fi amfani

Ba cewa nake a yi watsi da ma'adinan ba. Suna da gurbi biyu da nake ganin sun dace. Ɗaya shi ne tsiyayar da ke kusa da doron ƙasa a gindin tsaunukan shara, inda rami zai iya kaiwa. Ɗayan kuma tankin tacewa a bakin rijiya guda, mai ma'aikaci da jadawalin awo da wurin kai shara da aka tanada tun farko. Binciken da zai gwada dutsen Tawa da marmara a kan ainihin ruwan Arlit, na tsawon shekaru, a jami'o'inmu na Yamai da Tawa da Agadas, ya cancanci kuɗi. Amma a jerin abin da ya fi gaggawa, shi ne na huɗu. Na farko a auna kowace rijiya a bayyana sakamakon. Na biyu a rufe wadda ta zarce ƙa'ida a kawo wa mutane ruwa daga wani wuri, domin janyo bututu ya fi wanke ƙarƙashin ƙasa sauƙi. Na uku a toshe tushen, a rufe sharar da kyau, a hana ruwan masana'anta tsiyaya.

Duk magajin gari ko wakilin jama'a da aka kawo wa takardar irin wannan aiki yana da tambayoyi huɗu: da wane ruwa aka gwada, shekara nawa matatar za ta yi, ina za a kai ta in ta ƙoshi, kuma sunan wa ke kan kuɗin awo bayan aikin ya tashi. Ita kuwa gwamnati, tunda yanzu ita ce mai haƙa kuma ita ce mai sa ido, abin da ya kamace ta shi ne ta raba hannayen nan biyu, ta kuma kafa doka cewa daga kowane kilo da aka sayar a cire rabon ruwan Arlit a ajiye a asusun da ba a taɓawa. Kowace mahaƙa tana da ranar rufewa, kuma a ranar babu sauran cinikin da za a cira daga ciki.